Wasa wuƙar farauta da kula da ita: dutse ko giranda?

Maƙerin Baƙi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. An fara yankan gero, mafarauta kuma sun fara fiddo kayan aiki. Ina so mu tattauna wani abu kafin a shiga daji. Yawancin wuƙaƙen da ake kawowa maƙera gyara, abu biyu ne ke kashe su: giranda da kube. Bari in fara da giranda.

Wuƙar da aka ƙera da sifirin mota, sai an gasa ta ta yi ja har mayen ƙarfe ya daina kama ta, wato ta haura digiri 770 na zafi, a ƙara kaɗan, sannan a tsoma ta a mai. A nan take yin tauri, amma tauri mai karyewa. Sai a sake ɗumama ta a hankali har ta yi launin kara busasshe, wajen digiri 200 zuwa 230, don ta samu jimiri. Daga nan duk zafin da ya wuce wannan, taurin yake cinyewa. Bakin wuƙa kuwa siriri ne, ba shi da naman da zai shanye zafi, daƙiƙa biyu a kan giranda busasshiya ta ishe shi. Idan ka ga baki ya yi ruwan hoda mai duhu ko shuɗi, ya kai wajen digiri 280 zuwa 300, wurin ya yi laushi ke nan. Za ta fito daga inji tana aske gashi, amma kafin a gama fiɗar gada ɗaya baki ya kwanta. Mai ita ya koma wurin mai inji, a sake ci, a sake ƙonawa, shekara biyu wuƙa ta zama tsinke.

Sabon Shiga:
Wa alaikumus salam Baba. Allah ya ƙara basira. To wadda ta riga ta ƙone, shi ke nan ta tashi aiki? Kuma yaya mutum zai gane, tunda mai inji yakan goge shuɗin?

Maƙerin Baƙi:
Gwajin magagari ne. Ka ɗauki sabon magagari ka goga a baki a hankali. Ƙarfe mai tauri, magagari zamewa yake yi a kansa da ƙara siririya, ba ya kamawa. Inda ya ƙone kuwa za ka ji ya cije, har gari ya fito. Ka bi bakin daga gindi zuwa tsini, don ƙuna ta fi yawa a tsini. Idan ƙunar ba ta yi zurfi ba, galibi ba ta wuce milimita ɗaya ba, sai a cinye wurin da dutse mai kaushi da ruwa har a iso lafiyayyen ƙarfe. Idan ta shiga ciki sosai, sai dai a cire ƙota a mayar da ita wuta daga farko.

Mai Walda:
Baba, da girmamawa, kada a ɗora wa inji laifin hannu. Giranda tana da amfani idan wuƙa ta yi babban giɓi. Shafa ɗaya, a tsoma a ruwa, shafa ɗaya, a tsoma, kuma a riƙe da hannu ba safa, yatsa kusa da baki. Da yatsa ya ji ɗumi a ɗaga.

Maƙerin Baƙi:
Na yarda da wannan a wajen cire giɓi, da sharaɗin a tsaya tun baki yana da kauri kamar na farce, a ƙarasa da dutse. Sai dai ka san mai wasa a bakin kasuwa da layin mutane a gabansa ba zai tsaya tsomawa ba.

Injiniya:
Tunda an zo kan dutse, ga yadda aikin yake.

Kusurwa tukuna. Wuƙar farauta mai aiki iri-iri tana son digiri 20 a kowane gefe. Ta fiɗa zalla, wadda ba ta taɓa ƙashi, za a iya sauko da ita 15 zuwa 17. Adda da barandami 25 zuwa 30. Ba sai da ma'auni ba: tsayar da wuƙa a miƙe a kan dutse, 90 ke nan, kwantar da ita rabi, 45, ƙara rabi, kana wajen 22, sai ka sassauta kaɗan. Ko ka yi da faɗin wuƙar: idan faɗinta santimita 3 ne, bayanta ya tashi daga dutse da santimita 1, wannan shi ne digiri 20. Dabara mafi sauƙi ga sabon hannu ita ce alƙalamin maka. Shafa baƙar maka a bakin gaba ɗaya, yi shafa uku a dutse, ka duba. Idan tawada ta goge a sama ta bar ta can bakin, ka kwantar da yawa. Idan ta goge a bakin kaɗai ta bar sama, ka ɗaga da yawa. Idan ta goge duka, riƙe hannunka a haka.

Dutsen kasuwa mai fuska biyu ya isa a fara. Ɗora shi a kan jiƙaƙƙen tsumma don kada ya motsa. Fara da fuska mai kaushi, gefe ɗaya kawai. Hannun dama a ƙota, yatsu biyu ko uku na hagu a kan wuƙar daidai inda ake wasawa, nauyin dannawa kamar kilo 2. Wuyan hannu a kulle, motsi daga kafaɗa. Idan ka iso inda baki ya lanƙwasa zuwa tsini, ɗaga gwiwar hannu kaɗan, in ba haka ba wurin ba zai taɓa dutse ba.

Ga inda mutane suka fi ɓata aiki: suna ƙirga shafa, goma nan goma can, su ce sun gama. Ƙirga ba ta gaya maka komai. Abin da ake jira shi ne ɗan siririn leɓen ƙarfe da ke tasowa a ɗaya gefen idan wasa ta kai ƙarshen baki. Shafa babban yatsa daga bayan wuƙa zuwa baki, a gicciye, kada ka bi tsawon kaifin, za ka ji yana kartar fata. Sai ka ji shi daga gindi har tsini ba yankewa sannan ka juya. Yi ɗaya gefen har leɓen ya koma inda ka fara. Daga nan koma fuska mai laushi, rage nauyin hannu, ka riƙa juyawa kowace shafa, har ya rage nauyin wuƙar kaɗai ke kan dutse. Wanda bai tayar da leɓen ba bai kai baki ba. Wanda ya tayar bai cire ba, leɓen ne yake yanka masa, yankan farko zai naɗe, ya ce ƙarfen ne ba shi da kyau.

Sabon Shiga:
Injiniya, lambobin da ake rubutawa a dutse fa, 400, 1000, 6000?

Injiniya:
Yawan lamba, laushin dutse. 220 zuwa 400 na gyaran baki da cire giɓi. 1000 na fitar da kaifi. 3000 zuwa sama na goge baki ya yi sheƙi. Wanda bai da duwatsun ya sayi samfefa baƙa ta masu fentin mota, wadda ke shiga ruwa, 400 da 1000, ya shimfiɗa a kan gilashi ko tayil. A samfefa ja wuƙa ake yi baya, baki yana bin sawu, idan ka tura gaba za ta yage.

Mahaucin Kwata:
Ni a nan zan ja da masu 6000. Nama da fata da jijiya ba sa son baki mai santsi. Baki mai ɗan kaushi, wanda aka tsaya a 400 ko 600 ko iyaka 1000, yana da ƙananan haƙora da ido ba ya gani, su ke kama jijiya su tsinke ta. Wanda aka goge ya zama madubi, a kan takarda abin mamaki ne, amma ka ɗora shi a kan fatar wuya mai gashi ka ja, sai ya zame. Ku duba kwata da asuba, ba wanda ke da dutse biyar. Dutse ɗaya ne da ƙarfen gogawa. Shi ƙarfen ba ya cin wuƙa, bakin da ya kwanta yake miƙarwa. Shafa huɗu ko biyar kowane gefe, hannu sakwa-sakwa, kusurwa ɗaya da ta dutse. Masu buga shi da ƙarfi ana jin ƙara daga nesa, giɓi suke sa wa wuƙa.

Wanzami:
Ranka ya daɗe, maganar haƙora gaskiya ce, amma kada a fahimce ta a matsayin a bar fata. Goga wuƙa a fata bayan dutse shi ke cire sauran leɓen da Injiniya ya ambata. Tsohuwar ɗamara ta fata ta gaske, a manna ta a katako, gefen da ba santsi a sama. Ja baya kawai, shafa goma kowane gefe, kuma a ƙarshen kowace shafa a ɗaga wuƙa tsaye, kada a murɗa ta. Murɗawar nan ce ke dakusar da baki. Me ya sa na ce a katako? Fatar da aka rataye tana lanƙwasa ta rungume baki ta mayar da shi zagaye. Aska tana jure haka saboda bayanta yana kwance a fatar, wuƙar farauta kuwa a ɗage take.

Mahaucin Kwata:
Goma ɗin ba laifi. Ya wuce haka da man gogewa, haƙoran sun tafi.

Ɗan Baka:
Allah ya saka. Abin da zan ƙara na daji ne. Kaifin da aka sha wahala aka yi, a minti biyar ake kashe shi wajen fiɗa. Gashin dabbar daji cike yake da yashi da busasshiyar laka, wanda ya yanka daga waje zuwa ciki, yashi yake yanka. Huda fata kaɗan, juya baki ya kalli sama, sa yatsu biyu ƙarƙashin fatar suna ɗaga ta, ka tsaga daga ciki zuwa waje. Hakan yana kare kaifi, yana kuma hana ka fasa tumbi. Zomo ma da an tsaga, hannu ke ƙarasa fiɗar.

Ƙashi ba aikin wuƙa ba ne. A gaɓa ake rabawa: lanƙwasa ƙafar, nemo inda ta buɗe, yanke jijiyoyin, ta rabu da kanta. Ƙirji da ƙugu a bar wa barandami. Kada a yi yanka a kan dutse ko ƙasa, a karyo ganye ko a samu itace. Kada a soka wuƙa a ƙasa don a huta da riƙo, kada a tona rami da ita, kada a ɓanɓare abu da tsini.

Ɗan guntun dutse mai laushi kamar tsawon yatsa ya zauna a jaka. Idan babu, gindin kofin tangaran, zoben nan da ba a shafa masa sheƙi ba, yana tayar da baki sosai. Gwajin kaifi kuma ba sai an aske hannu ba. Juya baki sama a rana ka kalle shi: kaifi na gaske ba ya walƙiya, duk inda ka ga ɗan haske wurin ya dakushe. Ko ka ɗora a farce a karkace, mai kaifi za ta kama, dakusasshiya ta zame.

Malamin Zaure:
Jama'a, wannan magana tana da alaƙa da ibada kai tsaye. A hadisin Shaddad bin Aus da Muslim ya ruwaito, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da kyautata yanka, mutum ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Dabbar da aka tarar da sauran rai bayan harbi ko kamun kare, yanka ta ake yi, kuma a mazhabar Malikiyya ana son a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu ba tare da ɗage hannu ba kafin a gama. Wuƙa mai giɓi ko dakusasshiya ita ke sa mutum ya ɗaga ya sake. Don haka wasa tun daga gida, malamai kuma sun karhanta wasa wuƙa a gaban dabba tana kallo.

Sabon Shiga:
Allah ya gafarta Malam, mun gode. Tambaya kuma: dutse da ruwa ake yi ko da mai? Wasu na cewa kananzir.

Injiniya:
Dutsen kasuwa yana karɓar kowanne, amma zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Da ya sha mai, ruwa ba ya ƙara shiga shi. Na fi son ruwa, ko'ina akwai shi. A jiƙa dutse minti 5 zuwa 10 har kumfa ta daina tashi. Baƙar lakar da ke taruwa a kai kada a wanke ta duka, tana cikin abin da ke cin ƙarfen. Idan dutse ya toshe ya yi santsi, a goge shi da sabulu da buroshi.

Abin da ake mantawa: dutse yana yin kwari a tsakiya. Dutse mai kwari ba ya ba da kusurwa ɗaya, kowace shafa daban. Zana layuka a kansa da fensir, ka kife shi a kan daɓen siminti mai laushi da ruwa da ɗan yashi, ka goga zagaye har layukan su ɓace duka. Wajen wasa kuma a riƙa amfani da dukan fuskar, a juya shi kai da gindi.

Baduku:
Baba Maƙeri ya ambaci kube, bari in ɗauka daga nan don sana'armu ce. Kube na tafiya ne. Ajiya ta wata da watanni, musamman da damina, a zare wuƙa daga ciki. Fata tana shan laima ta riƙe, kuma fatarmu da bagaruwa ake jemarta. Ruwan bagaruwa idan ya haɗu da baƙin ƙarfe baƙi yake yi, da haka ma ake samun baƙin rini na fata. To wannan haɗuwar ce ke faruwa a cikin kube mai laima: wuƙa ta yi baƙi, tsatsa ta biyo, ta ci ƙananan ramuka, kuma a baki take fara ci don nan ne siriri. A shafa mai, a naɗe a tsumma ko takarda, a ajiye kube gefe inda iska ke shiga.

Wajen ɗinki, a ce wa baduku ya sa tsiri na fata mai kauri a tsakanin ɓangarorin biyu ta gefen baki, kaifi ya kwanta a kansa. Idan babu shi, wuƙa zare take ci a hankali, wata rana ta fito ta gefe ta sami cinya. Kada a sa ƙusar ƙarfe inda baki zai goga. Kuben da ya jiƙe a shanya a inuwa, ba a rana ko bakin wuta ba, zai ƙanƙance ya tsage. Da hunturu a shafa masa man kaɗe kaɗan ta waje. Kaɗan na ce, idan ya yi yawa kube ya saki, tsini ya huda shi. Wuƙa mai jini kuwa ba ta komawa kube ko da na minti ɗaya, don jinin da ya shiga ciki ba ya wankuwa.

Mai Walda:
Man shafawa kam, baƙin mai ba ya barin tsatsa.

Mahaucin Kwata:
Haba ɗan'uwa, wuƙar da za ta shiga naman da iyali za su ci? Baƙin mai dattin inji ne, a bar shi ga fartanya da garma.

Injiniya:
Mahauci ya yi daidai. Man gyaɗa da man ja su ma suna da matsala, idan sun daɗe suna yin danƙo da wari, ƙura ta manne. Don kwana biyu a daji ba laifi. Don ajiya, basilin marar ƙamshi ya fi, ko man kaɗe da aka narkar da kakin zuma, kashi uku na mai kashi ɗaya na kaki. Shafawa siririya, a goge har ya zama kamar ba a shafa ba. Tsari bayan aiki: wanke da sabulu, musamman inda ƙarfe ya shiga ƙota, goge ta bushe sarai, sannan mai. Jini yana da gishiri, shi ya sa tsatsarsa take da sauri.

A rarrabe tsatsa da dafewa. Jar tsatsa mai gari ita ce cuta, a cire ta da soson ƙarfe mai laushi da mai, ko toka da jiƙaƙƙen tsumma. Launin toka-toka ko shuɗi-shuɗi da baƙin ƙarfe ke yi bayan yankan nama kariya ce, a bar shi. Wasu ma da gangan suke jawo shi da lemun tsami ko ruwan tsamiya na minti 10 zuwa 15, sannan su wanke da sabulu su shafa mai.

Sabon Shiga:
Ashe ba gara mutum ya sayi ta silba ya huta ba?

Maƙerin Baƙi:
Kowace da halinta, ɗana. Ta silba, sinadarin kuromiyom ne a cikinta, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, shi ke hana tsatsa, amma ita ma idan ta kwana da jini ko gishiri tana yin tabo. Masu arahar da suka cika kasuwa ƙarfensu laushi ne, leɓensu naci gare shi, ka juya shi nan ya koma can ya ƙi fita. Masu tsada kuma wasu taurinsu ya fi ƙarfin dutsen kasuwa, sai dutse mai garin daimon. Ta sifiri tana tsatsa, amma kowane dutse yana cinta, tana jure bugu, kuma maƙerin garinku zai iya gyara ta. Ga mai shiga daji kwana da kwanaki, ita zan zaɓa masa.

Ma'aikacin Lafiya:
A ƙara da tsabta. Zazzaɓin Lassa galibi ta hanyar ɓera ake kamuwa da shi, kuma da rani ya fi yawa, daidai lokacin farauta. Wanda ke da rauni a hannu kada ya yi fiɗa da hannu tsirara, dabbar da aka tsinta matacciya kuma a bar ta. Wuƙar fiɗa kada ta koma yankan albasa ko rake sai an wanke ta da sabulu an zuba mata tafasasshen ruwa. Baba, ruwan zafin ba zai ɓata taurin ba?

Maƙerin Baƙi:
Ba zai ɓata ba. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, taurin sai an haura 200 yake motsi. Ƙota ce ba ta so, don haka a ƙarfen kawai za a zuba. Zafin ma yana taimakawa ta bushe da wuri. Abin da za a kiyaye shi ne jiƙa ta a ruwan bilic, yana cin ƙarfe har na silba, da gasa ta a harshen wuta da sunan kashe ƙwayar cuta.

Ɗan Baka:
Baba, saura ƙota mai girgiɗi da tsinin da ya karye.

Maƙerin Baƙi:
Ƙota da hunturu take saki, itace ya bushe ya ja jiki ya bar wutsiyar ƙarfen. Jiƙa ta a ruwa maganin kwana ɗaya ne kawai, tana bushewa ta fi da saki, ga tsatsa a ciki. A zare ta, a kankare wutsiyar da samfefa, a yi mata 'yan tsage-tsage da magagari don gam ya samu wurin kamawa, a wanke maiƙo da fetur ko sipirit, a cika ramin da gam mai haɗi biyu irin Araldite, mai jinkirin kamawa, a mayar a bar shi awa 24. Idan bakin ƙotar ya tsage a sa masa zoben tagulla ko guntun bututu. Sabuwar ƙota kuma a nemi busasshen marke ko ƙirya ko aduwa, ɗanyen itace zai saki a rani na farko.

Tsini idan ya karye, kada a ci baki a bi shi sama, za a ɓata lanƙwasar da ake fiɗa da ita. Daga baya ake ci. Kafa bayan wuƙar a kan fuska mai kaushi, ka sauko da shi a hankali har ya haɗu da baki, sabon tsini ya fito. Giɓi kuwa, tsayar da wuƙa a miƙe ka goga bakin gaba ɗaya a dutse har giɓin ya ɓace, don layin baki ya tafi daidai, sannan ka sake fitar da kusurwa daga 220 ko 400. Idan cin ya yi yawa, kafaɗar baki za ta yi kauri, sai ka kwantar da wuƙa wajen digiri 10 ka rage naman da ke bayan kaifin kafin ka koma 20.